Shirun Rijiya ta Shida

A wurin aiki Uwar Raino suke ce mini, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba, don raino ne aikina. Ƙwayoyin jijiya nake raino, irin waɗanda ke cikin ƙwaƙwalwar mutum. Shekara goma sha huɗu ina wannan aiki. Na kori ɗalibai ba adadi daga ɗakin gwaji don sun yi tari ba takunkumi, har ana cewa bakina ya fi allura tsini. To, ranar da zan ba ku labarinta, ni ce na tafka kwaɓar da ko ɗalibin wata guda ba zai tafka ba.

Bari in fara da farantin. Bai fi tafin hannu ba, yana da 'yan ramuka shida da muke ce wa rijiyoyi. A ƙasan kowace rijiya akwai ɗan guntun allo na lantarki, bai kai farcen ɗan yatsa ba, amma a kansa an jera kunnuwan ƙarfe dubu huɗu da ba sa ganuwa sai da madubin ƙara girma. A kan guntun nan ake shimfiɗa ƙwayoyin, a zuba musu ruwan abinci, su kwanta su miƙa zare suna kama juna. In sun girma sai su fara magana da ɗan lantarkin jikinsu, kunnuwan su ɗauka su kai wa kwamfuta. Kuma ba saurare kaɗai kunnuwan suka iya ba, ana iya tura ɗan lantarki ta cikinsu a taɓa ƙwayoyin. Ƙwanƙwasawa muke ce wa wannan, kamar yadda ake ƙwanƙwasa ƙofa a ji ko da mutum a ciki.

Ƙwayoyin da ke cikin wannan faranti na Tsigi ne, 'yar Yayata uwa ɗaya uba ɗaya. Shekararta tara, 'yar firit da ita, ga surutu kamar an kunna rediyo. Farfaɗiya ke damunta tun tana goye, irin wadda ba ta jin magani. Wata rana ta faɗi sau uku, wata rana sau goma. Likitanta yana gwada magunguna ɗaya bayan ɗaya, kuma a irin ciwonta akwai maganin da in an ba ta, ƙara rura wutar yake yi. Bara an gwada wani, ta yi kwana tara a ɗakin masu jinya ta musamman ba ta san wanda ke kanta ba. Da ta farfaɗo Likita ya ce wa Yaya gaskiya tsirara, jikin yarinyar nan ba zai ɗauki irin wannan karo na biyu ba.

Shi ya sa Farfesa, shugabar ɗakin gwajinmu, ta yarda a gwada magungunan a kan ƙwayoyin Tsigi kafin a gwada a kan Tsigi. Aka yanki 'yar fata a damtsenta, muka yi ta lallaɓa ƙwayoyin fatar har suka rikiɗe suka zama na jijiya. Faranti uku na shuka. Fumfuna ta cinye biyu. Ɗaya ya rage, kwanansa ɗari da sha biyu a akwatin ɗumi, ni nake sauya masa ruwa da hannuna, ko Lahadi ba na fashi. Tsigi 'ya'yanta take ce musu. Duk na je asibiti sai ta tambaye ni, "Inna, 'ya'yana sun ci abinci?"

Jajibirin gwajin muka ɗiga magunguna biyar da Likita ya jero mana, kowanne a rijiyarsa, daga ta biyu zuwa ta shida. Ta farko ba mu sa mata komai ba, don mu ji yadda ciwon yake in ba a taɓa shi ba.

Ƙarfe tara da rabi na safe na fito da farantin na ɗora a kan akwatin saurare. Injiniya ne ya haɗa akwatin nan da hannunsa, wani ƙaton mutum mai dariya kamar tsawa, kuma yana ji da shi fiye da motarsa. Rijiya ɗaya yake saurare a lokaci guda, minti ashirin kowace. A ƙarƙashin farantin akwai ɗan gadon ƙarfe mai hita, yana riƙe ƙwayoyin a kan ɗumin jikin mutum, digiri talatin da bakwai. Dole ne hitar nan, don ɗakin sanyi ne da shi kamar firij saboda injuna, ƙwayoyin jijiya kuwa in suka ji sanyi sai su yi gum.

Na kunna lasifika. Lafiyayyun ƙwayoyi ƙararsu kamar yayyafi ne a kan kwano, ɗis a nan, ɗis a can. Na Tsigi ma haka suke farawa, sai kawai ka ji duk sun ɗauka lokaci guda kamar an juye kwandon tsakuwa a kan rufi. Guguwa muke ce mata. Rijiya ta farko ta yi guguwa bakwai a minti ashirin, kowace wajen daƙiƙa ashirin. Na rubuta, ina jin abin har cikin haƙorana, don na san yadda guguwar nan take in ta tashi a jikin mai ita.

Ina matsawa rijiya ta biyu sai wani gurnani ya shigo lasifikar, zuuu, layukan da ke kan allon kwamfuta suka yi kauri. Na yi tsaki. Hitar Injiniya takan yi haka wani lokaci, lantarkinta ya kutsa cikin abin da kunnuwa ke ɗauka. Yadda ake ganewa shi ne a kashe ta na ɗan lokaci, in gurnanin ya ɗauke to ita ce, a kira shi ya gyara. Amma da yake mutum ɗan mantuwa ne, muna da doka. Akwai wani jan maƙali na roba, irin wanda ake maƙale wanki da shi a igiya, yana zaune a kan makunnin hitar. Duk wanda zai kashe ta sai ya cire shi ya maƙala a wuyan farar rigarsa, inda zai riƙa sukarsa a haɓa, ba zai cire ba sai ya kunna. Ni na kafa dokar nan. Ni na sayo maƙalin ma.

Na cire shi na maƙala a wuyana, na kashe hita. Gurnani ya ɗauke ɗif. Na buɗe baki zan ƙwala wa Injiniya kira ke nan, sai wayata ta hau ruri a kan kantar da ke waje, don ba a shiga da waya ɗakin. Sautin da na sa wa Yaya ne. Ba a kuma fita da farar riga, sai na tuɓe ta a gurguje na rataye a bayan ƙofa.

"Ta faɗi a banɗaki," in ji Yaya. "Leɓenta ya fashe, jini duk a rigarta. Na uku ke nan tun safe. Ke, yau ne fa kuka ce."

"Yau ne, Yaya. Muna kai yanzu haka."

"Don Allah ki ce mini wani abu da zarar kin gani. Ko mene ne."

Na ce to. Na tsaya a barandar na share idona da gefen ɗankwali, na wanke hannu, na koma. A bayan ƙofar nan fararen riguna biyar ne a rataye, duk iri ɗaya. Na fizgi wadda hannuna ya fara kaiwa na zura. Na dubi allo, layuka tas, lasifika tas, babu gurnanin da zai tuna mini da komai. Hankalina yana banɗakin asibiti, na danna na ci gaba.

Rijiya ta biyu, guguwa shida. Ta uku, biyar. Ta huɗu, biyu, su ma gajeru. Injiniya ya shigo yana tauna biro, ya tsaya a bayana. Ta biyar, guguwa ɗaya tak. Ya ce, "Kai, Uwar Raino, yau da ƙafar dama kika fito." Na ce ya rufe mini baki kar ya yi mana baki. Sai muka shiga ta shida.

Minti biyar ba guguwa. Minti goma. Ɗan ɗis-ɗis ɗin ma sai can ba a rasa ba. Injiniya ya ruga ya kira Farfesa. Ita 'yar ƙaramar mace ce mai furfura, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, kuma ban taɓa ganin wanda bai ji tsoronta ba. Ta tsaya ta harɗe hannu har minti ashirin suka cika. Ko guguwa ɗaya babu.

"Mayar da su ɗumi," ta ce. "Zan rubuta wa Likita, ƙarfe ɗaya zan aika. Kafin nan ba wanda zai faɗa wa kowa komai. Malama, da ke nake."

Na ce, "Na ji, ranki ya daɗe." Na mayar da farantin, safar hannu biyu a hannuna, ban ji sanyin komai ba. Ina fita baranda na kira Yaya. Wallahi ban ko yi shawara da zuciyata ba. Shekara tara ina kallon matar nan tana kwana a zaune.

"Yaya, an samu. Maganin rijiya ta shida ne. Sun yi shiru, Yaya, ko motsi ba su yi ba."

Ta ƙwala wata irin ƙara, na ji tana kiran sunan Allah, na ji tana cewa, "Tsigi, Innarki ta samo miki! Za ki koma makaranta!" Na jingina da bango ina dariya ina hawaye kamar wata taɓaɓɓiya.

Sha biyu da rabi yunwa ta tuna da ni. Na laluba aljihun farar rigar ina neman makullin lokar da nake ajiye abincina, babu. Na je bayan ƙofa ina taɓa aljihun sauran ɗaya bayan ɗaya. A ta ukun na ji makullin. Na ɗago kai, sai ga jan maƙali a wuyanta yana kallona.

Na tafi wurin akwatin saurare, na cire safa na ɗora bayan hannuna a kan gadon ƙarfen, yadda ake taɓa ruwan wankan jariri. Sanyi ƙalau kamar bakin tulu. Makunnin yana ƙasa inda na bar shi.

Nan take lissafin ya jeru mini a kai. Shida, biyar, biyu, ɗaya, babu. Ba magani ne ke aiki ba, sanyi ne ke shiga a hankali, rijiya bayan rijiya. Ta shida ta yi shiru ne don ita ce ta ƙarshe a layi. Fiye da awa ɗaya da rabi na bar 'ya'yan Tsigi a kan ƙarfe mai sanyi. Wataƙila ma na kashe su.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na tsaya a ɗakin nan ni kaɗai na kai minti uku, maƙalin a tafin hannuna. Babu wanda ya gani. Akwatin Injiniya ba ya rubuta zafi a ko'ina. In na ɗaga makunnin na mayar da maƙali wurinsa, shi ke nan, magana ta mutu. Zuciyata har tana raɗa mini cewa ai mai yiwuwa na shidan yana aiki da gaske, wa ya sani? Na ji kunya, na ji tsoron Farfesa, na ji tsoron a raba ni da aikina. Amma abin da ya fi duka shi ne muryar Yaya tana cewa za ki koma makaranta. Ta yaya zan ƙwace mata wannan? Sai kuma na tuna Tsigi bara, bututu a hanci, bututu a baki, idanu a kakkafe. Na ce wa kaina, ke shashasha, tafi.

Ɗaya saura kwata na tura ƙofar ofishin Farfesa ba sallama. Tana karanta takardar a allo, hannunta a kan linzamin kwamfuta. Na ajiye maƙalin a kan teburinta.

Ta dube shi, ta dube ni. "Tun yaushe?"

"Tun farkon rijiya ta biyu, ranki ya daɗe."

Ta janye hannunta daga linzamin a hankali. Da ta zage ni da na fi jin daɗi. "To, Allah ya taimake mu ban aika ba. Ba wanda ya sani ai."

Na sunkuyar da kai.

"Malama."

"Na kira Yayata."

Ta cire tabarau ta ajiye kusa da maƙalin. Ta ɗauki waya ta kira Likita, ta sa a lasifika don in ji da kunnena. Ya ɗauka yana fara'a. Ya ce uwar yarinyar ta riga ta tare shi da albishir, har ya sa an kawo na shidan daga ɗakin magani, takarda kawai yake jira. Farfesa ta faɗa masa abin da ya faru a jimla uku, ba ta ambaci sunana ba.

"Farfesa, yarinyar nan ta faɗi sau biyar yau," ya ce. "Ba zan bar ta ta kwana a haka ba. Ƙarfe huɗu dole in fara mata wani abu. In ba ku da abin da za ku ce mini, na shidan zan ba ta, don dama shi ne na gaba a jerina."

Ta ajiye waya. Dokarmu ita ce faranti ba ya fita ɗumi sau biyu a rana ɗaya, balle wanda ya sha sanyi. Ta ce, "Za mu karya ta. Su ƙara awa biyu a ciki su dawo hayyacinsu, in suna da rai. Ƙarfe uku za mu fito da su, mu fara da ta shida." Ta tura mini maƙalin da ɗan yatsa. "Ɗauki kayanki."

Awa biyun nan ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. Na ja kujera na zauna a gaban akwatin ɗumi ina kallon lambar da ke goshinsa, kamar kallon zai ƙara mata wani abu. Injiniya ya kwance cikin akwatinsa ya gano wata 'yar waya da ta saki, ita ke kawo gurnanin. Bai yi mini ko wasa ɗaya ba, wannan ma ya ƙara kashe mini jiki. Ya dai ce, "Da na sa masa ƙararrawa tun bara da kika ce." Na ce, "Kar ka ɗaukar mini laifina, bar mini abina." A waje wayata ta yi ta ruri. Sau goma sha ɗaya Yaya ta kira, ina ƙirgawa, ban ɗauka ba.

Ƙarfe uku na taɓa gadon ƙarfen da bayan hannu, Injiniya ya taɓa, Farfesa ma ta taɓa. Ɗumi. Na ɗauko farantin na ɗora. Muka ba shi minti goma ya zauna. Injiniya ya kunna lasifika.

Shiru.

Minti uku, minti biyar. Na ji wani ɗan daɗi ya fara tsirowa a ƙirjina, na ce, "Ranki ya daɗe, ga ɗumi ga shiru. Ko dai maganin ne?"

"Ko kuma gawa muke saurare," ta ce ba ta ko kalle ni ba. "Mai lafiya na shiru, matacce na shiru. Injiniya, ƙwanƙwasa."

Ya zaɓi kunne ɗaya a tsakiyar guntun ya tura ɗan lantarki kaɗan. Lasifika ta yi ƙas, ƙarar turawar ke nan. Muka kasa kunne. Babu amsa. Agogon bango ya nuna uku da ashirin da biyu.

"Ƙara."

Ya ƙara ƙarfi. Ƙas. Babu. Kwana ɗari da sha biyu, kuma babu wani farantin. In sun mutu, Likita zai ba ta na shida a makance, kuma ni na jawo.

"In na wuce haka zan ƙona na kusa da kunnen," in ji Injiniya.

"Kar ka ƙara ƙarfi," na ce. "Sauya wuri. Tsakiyar ba ta da yawa. Kusurwar hagu ta sama, can suka fi taruwa, tun suna 'yan kwana ashirin can suke cunkushewa."

Ya dubi Farfesa, ta gyaɗa kai. Ya matsa can. Ƙas.

Ɗis.

Na dafe bakina. Ɗis, ɗis. Wani ɗis daga can gefe, wani ya amsa masa. Suna nan! Injiniya ya ɗaga hannu sama zai yi kabbara, sai lasifikar ta fashe.

Ban taɓa jin irinta ba a shekara goma sha huɗu. Allon duk ya rine, kunnuwa dubu huɗu suna ihu lokaci guda. Na kalli agogon hannuna don sabo. Daƙiƙa ashirin, inda ta farko ke tsayawa, ta wuce. Arba'in. Minti ɗaya. Ba ta ko sassauta ba. Minti biyu. Injiniya ya rage ƙarar, amma ana jinta a cikin tebur.

"Tsaya mana," na ji kaina ina cewa. "Haba 'yar nan, tsaya."

Uku da talatin da biyar Farfesa ta fita baranda da sauri, ban taɓa ganin tana sauri ba. Ta gilashin ƙofa na ga tana magana da Likita a waya tana sara iska da hannu. Minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya na ƙirga kafin ta dawo ta ce a matsa zuwa sauran. Ba guguwar ce ta tsaya ba, mu muka daina saurare.

Muka bi sauran da ƙwanƙwasa ɗaya-ɗaya. Ta biyu, ta uku da ta biyar duk suka yi irin ta farko. Ta huɗu ta amsa, ta ɗan taso, daƙiƙa shida ta kwanta ta koma yayyafinta. Na juyo da sauri, Farfesa ta ɗaga mini yatsa.

"Wannan ba sakamako ba ne, alama ce. Ni zan faɗa wa Likita, shi ya san abin da zai yi da ita. Sai mun maimaita sau uku. Ke kuma ki je ki gyara abin da bakinki ya ɓata. Gobe da safe ki same ni a ofis."

Biyar saura na isa asibiti. Tun daga bakin ɗakin yara na jiyo muryar Yaya. Tana tsaye a gefen gadon Tsigi, ta ƙanƙame wata 'yar kwalba a ƙirji, nas na miƙa hannu tana ba ta haƙuri. Ashe da Likita ya ce an fasa, nas ta zo ɗauke kwalbar daga kan lokar gefen gado, Yaya ta riga ta.

"Yauwa, ga ta nan!" in ji Yaya. "Zo ki faɗa musu. Ƙanwata ce, ita ta gani da idonta. Wai an fasa. Wane irin an fasa? Ina ta kiranki, ina kika shiga?"

Tsigi na zaune a kan gado, leɓe a kumbure, ta baje littattafan makarantarta na bara a kan bargo. Ta washe mini baki. "Inna, 'ya'yana sun ci abinci?"

"Sun ci, uwata."

Na ja Yaya gefen taga na faɗa mata komai. Hitar, maƙalin, rigar, sanyin. Ban rage ba, ban kuma ce don kiranta ne na manta ba, don ba ita ta ce in manta ba. Tana kallona kamar ina wani yare.

"Ke da bakinki kika ce sun yi shiru."

"Sanyi ne ya sa su shiru, Yaya. Ni na bar su a sanyi."

"Kin san abin da na ce wa yarinyar nan? Kin san na kira babanta ya baro aiki yana hanya?" Muryarta ta fara tashi. "Wataƙila a gwaji na biyun ne kuka yi kuskure. In na safe ya zama ƙarya, me zai hana na yamma ya zama ƙarya?"

Sai littafi ya faɗo ƙasa a bayanmu.

Mun san abin yi, mun yi shi ya fi sau dubu. Yaya ta juya ta a gefe, na janye littattafan na tallafe kanta, nas ta danna ƙararrawa. Jikin nan ɗan firit yana ta fizga, dugaduganta na dukan katifa. Idona a kan agogo. Goma. Ashirin. Talatin. A kan arba'in ta saki, ta ja dogon numfashi, ta yi laƙwas. Yaya ta goge mata baki da gefen mayafi, har lokacin kwalbar na damƙe a ɗaya hannunta.

"Nawa?" ta tambaya, kamar kullum.

"Arba'in."

Ta hau shafa kan Tsigi. Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Na cikin rijiyar fa? Da kuka ɗumama su. Nawa suka yi?"

"Minti huɗu da sha ɗaya. Kuma ba su tsaya ba, mu muka bar wurin."

Na ga leɓenta na motsi, tana auna arba'in ɗin da ta gani yanzu da abin da na faɗa. Ta dubi kwalbar da ke hannunta kamar yanzu ta fara ganinta. Ta kamo hannuna ta buɗe tafin, ta ajiye ta a ciki, ta naɗe yatsuna a kai. Kwalbar ta yi ɗumi saboda riƙo.

"Kai musu," ta ce. "Kuma ki ji ni da kyau. Ko me kika gani nan gaba, kar ki sake kirana sai kin tabbata. Jira ba ya kashe ni, shekara tara ina yi. Murnar nan ce ba zan iya sake ɗauka ba."

Na ce, "To, Yaya."

Ta sunkuya ta fara tattara littattafan daga ƙasa tana mayarwa cikin jaka ɗaya bayan ɗaya, kafin Tsigi ta farka. Ni kuma na fita na kai wa nas kwalbar a teburinta. Ta juya ta a hannu ta duba murfin, ba a ɓalle shi ba, ta rubuta a takarda ta mayar da ita cikin kabad.